Shafin Ƙarfe a Littafin Baba Yakubu

Ku da aka turo mana koyon koyarwa bana, na ji abin da ɗayanku ya faɗa a ɗakin malamai ranar Talata, yana tsammanin na shiga aji. Cewa ya yi fiziks ɗin sakandare ba wani aiki ba ne: ka samu littafin darasin wani tsohon malami, ka kwafa a allo, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Ban tanka ba, don ni ban iya magana a cikin taro ba, tun ina ɗalibi haka nake. Shi ya sa na rubuta muku. Shekarata ashirin da shida ina riƙe da alli a garin nan, kuma abin da ya faɗa ɗin shi na yi shekara goma sha tara ina yi. Ƙarshensa wata ɗalibata mai suna Yagana ta rasa gurbin karatun da ya kamata a ce nata ne. Zan gaya muku yadda aka yi, amma sai kun fara sanin aikin.

Aikin farko da aka ba ni a makarantar da na fara shi ne baƙanta allo. Shugaban sashenmu wani dattijo ne mutumin Biu, kowa Baba Yakubu yake ce masa. Ya miƙo mini leda cike da matattun batura, ya ce in farfasa, in kwashe baƙin garin da ke ciki, in daka da gawayi, in dama da ruwan ƙaro. Idan ƙaron ya yi yawa allo zai yi sheƙi, na bayan aji ba za su ga rubutu ba. Idan ya yi kaɗan, baƙin zai koma jikin rigarka. Sau uku ina shafawa yana sa ni wankewa. Ya ce, "Modu, wanda bai iya gyara allo ba, kada ya taɓa alli."

Ɗakin gwajinmu suna ne kawai. Abin lilo na auna lokaci kwaɗon ƙofa ne muka ɗaura wa zaren ɗinki. Maganaɗisu daga cikin matattun lasifika muke cirowa, a wurin masu gyaran rediyo na Lamisula. Darasin haske da madubin mota da ya fashe muke yi. Baba Yakubu ya koya mini yadda ake riƙe alli a karkace don kada ya yi ƙara, da yadda ake zana da'ira da zare da babban yatsa, da yadda ake rubutu a allo ido ɗaya na kan aji. Duk waɗannan har yau da su nake aiki, kuma ban samu kuskure a cikinsu ba.

Sai kuma littafin. A lokacin, al'adar ita ce sabon malami ya kwafi littafin darasin wanda ya karɓe shi, da hannunsa, shafi bayan shafi. Baba Yakubu ba ya yarda a kai nasa injin kwafi. Ya ce abin da hannu ya rubuta ne kai yake riƙewa. Wata uku na yi ina kwafa. Na sayi rula da jan biro, kowane kan magana sai na ja masa layi biyu. Ko ɗigo ban bari ba. Da na gama ya duba, ya ce nawa ya fi nasa kyau, har ya zagaya da shi ofis yana nuna wa mutane.

Kusa da ƙarshen littafin, bayan darasin yadda ƙananan ƙwayoyin zarra ke haɗewa su zama babba su fitar da zafi, akwai wani shafi da ba ya cikin manhaja. Baba Yakubu ya sa shi ne don ya jawo hankalin yara. Sunansa "Mutuwar Babban Tauraro." Farkonsa daidai ne: tauraro yana haɗa haidurojin ya zama hiliyam, daga nan kabon, daga nan oksijin, a haka a haka har a kai ga ƙarfe. Sai shafin ya ce, da yake ƙarfe ya fi komai nauyi, idan ya taru a tsakiya nauyinsa yakan rinjayi tauraron, sai ya rufta kamar rufin soron da aka jibga wa kaya.

Tun ranar da nake kwafar wannan shafin wani abu ya tsaya mini. Ina da wani tsohon littafi na kwaleji mai zanen da ke nuna yadda cibiyar kowace ƙwayar zarra take ɗaure. Layin yana hawa daga haidurojin, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe, sannan ya fara gangarowa. Maganar nauyi ba ta ciki ko kaɗan. Kuma ko a kasuwa kowa ya san darma ta fi ƙarfe nauyi. Na sa fensir na yi alamar tambaya a gefen zanen. Sau uku ina zuwa teburin Baba Yakubu da littafin a hammata. Na farko na gaishe shi na fito. Na biyu na tambaye shi ko a sayo masa ruwa. Na uku ya ɗago kai ya ce, "Modu, akwai magana ne?" Na ce babu. Mutumin da ya haife ni a shekaru, wanda ya zagaya da rubutuna yana yabo, ban ga ta inda zan fara ce masa shafinsa bai yi daidai ba. Na mayar da littafin kwalejin cikin akwati.

Abin da ya ƙara lalata al'amarin shi ne, wannan shafin ne ya zama darasin da aka san ni da shi. Ni da muryata ba ta kai bayan aji, na samo dabara. Nakan aro dutsen awo na ƙarfe mai kilo biyar a wurin wani mai shago, in kifa kwali a kan tebur, in ce wannan shi ne tauraro. In ɗora littafi, kwali bai motsa ba. In ɗora takalmi, yara su yi dariya. Sai in saki ƙarfen, kwali ya lotse, aji ya ɗauki ihu. Har daga wasu azuzuwan ake leƙowa ta taga. Duk wanda ya ga wannan ba ya mantawa. Ku riƙe wannan: darasin da ka fi iya gabatarwa shi ya fi zama a kan yara, ko daidai ne ko ba daidai ba.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda rikici, aka zuba mutanen da suka gudo daga ƙauyuka a azuzuwanmu, sai na koma koyarwa a gindin dogon yaron ƙofar gidana a Bolori. Tabarma uku, da allon katako da na jingina da bango. 'Yan aji ɗaya da 'yan aji uku duk a haɗe. A nan na san iyaye, don a makaranta ba ka ganinsu sai an yi laifi. Akwai mai zuwa ya ce a koya wa ɗansa abin da zai fito a jarrabawa kawai. Akwai mai aiko yaro don dai kada ya fita yawo. Idan aka ji ƙara daga nesa, kafin in ajiye alli iyaye mata sun iso sun kwashe rabin ajin.

Wata safiya wani dillalin kifi na kasuwar Baga Road, Alhaji Bukar, ya sauka daga keke napep da yarinya a bayansa da kwalin banda a hannu.

"Wushe, Malam. Kai ne mai fasa kwali?"

Na ce ni ne.

"To ga wani kwalin, amma wannan kada ka fasa, ci za ka yi. Wannan kuma Yagana ce. Ta ishe ni da tambaya. Jiya ce mini ta yi don me hayaƙi yake hana kifi ruɓewa. Shekara talatin ina sana'ar nan ba wanda ya taɓa tambayata. Ga ta nan, ta zo ta ishe ka kai ma."

Yagana ba mai surutu ba ce. A ƙarshen tabarma take zama, rubutunta ƙanana a jere. Lissafin da zan ba su na awa guda, kafin in zagayo ta gama, ta juya takardar tana gwada wata hanyar. A duk shekaruna ban koyar da kamarta ba.

Ranar da na yi musu darasin tauraro, kwali ya lotse, yara suka yi ihu kamar kullum. Ita ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu.

"Malam, ƙarfen nan daga waje aka kawo shi?"

Na ce a'a, a cikin tauraron aka yi shi.

"To ai a rumfar babana, idan aka juye ƙananan kwalaye goma a babban buhu ɗaya, motar da ke ɗauke da su ba ta ƙara nauyi. Kayan dai su ne. Shi tauraron daga ina ƙarin nauyin ya zo masa?"

Yara suka zuba mini ido. Ga kwali a lotse a gabana, ga wasu dattawan unguwa biyu a kan benci suna saurare. Na san tambayar, tawa ce. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yagana, tauraro ba motar kifi ba ne. Rubuta abin da ke allo." Yara suka kwashe da dariya. Har aka tashi suna ce mata motar kifi. Ta sunkuyar da kai ta rubuta. Daga ranar ba ta ƙara yi mini tambaya a gaban mutane ba, ni kuma ban je na buɗe akwati ba.

Bayan an buɗe makarantu ta ƙarasa, sakamakonta ya fi na kowa. A lokacin Alhaji Bukar yana riƙe da iyalan ƙannensa biyu da suka gudo daga bakin tafki, gidan ya cika, kasuwar kifin ma ba kamar da ba. Ya gaya mata gaskiya cewa jami'a ta fi ƙarfinsa. Sai wata ƙungiya ta fito da tallafi ga 'yan matan da suka gama sakandare a shekarar, masu son karatun kimiyya, a ɗauke musu komai har su gama. Ni na cike mata takardun. Ta ci jarrabawar rubutu. Saura ganawa da alƙalai, baki da baki, kuma waɗanda aka kira sun fi guraben yawa.

Washegarin ganawar ta zo makaranta ta same ni. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce yaya aka yi.

"Sun ce in zaɓi abin da na fi so a fiziks in yi musu bayani."

"Me kika zaɓa?"

"Mutuwar tauraro, Malam."

Ta ce a cikinsu akwai wata mata, malamar jami'a, ta bar ta har ta kai ƙarshe, sannan ta tambaye ta daga ina ƙarin nauyin ya zo. Na ce me kika ce. Ta ce ta maimaita abin da ke cikin littafi. Ba ta ƙara komai ba, ta yi sallama ta tafi. Bayan mako biyu sunaye suka fito, babu nata.

A ranar na buɗe akwati. Alamar tambayata tana nan a gefen zanen, fensirin ya koɗe. Na karanta babin tun daga farko, na nemo wasu littattafan, na karanta a waya. Kwana huɗu ya ɗauke ni. Kwana huɗu kacal. Sannan na kira Baba Yakubu, wanda ya daɗe da yin ritaya ya koma Biu yana noma. Na daɗe ina gaisuwa kafin in faɗa masa. Sai ya ce, "Ni ma a wurin malamina na kwafa. Yaushe ka gane?"

Na ce tun ina kwafa na yi shakka.

"Tun kana kwafa? Kana zaune kusa da ni shekara takwas? Me ya hana ka magana?"

Na ce nauyinsa nake ji.

"Nauyina? Kai Modu, Allah ya shirye ka. Ni da nake neman wanda zai yi mini gardama in ji daɗi! Yara nawa ka koya wa?"

Ya ce in gaishe da iyali, ya kashe wayar.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, na ce kuskuren nawa ne ba na yarinyar ba. Suka amsa da ladabi cewa guraben sun cika, kuma tallafin na waɗanda suka gama a wannan shekarar ne kaɗai. Da amsar a aljihu na hau keke zuwa Baga Road, da hantsi, ana lodin motocin Kudu. Na samu Alhaji Bukar a bakin rumfarsa yana faɗa da masu dako. Yagana na ciki a kan buhu, tana rubuta sunayen masu kaya da garuruwansu a jikin kwalaye. Aikin da aka ba ta ke nan, saboda kyan rubutunta.

"A'a, Malam da kansa! Bandar ce ta ƙare?"

Na ce magana na zo da ita. Na faɗa masa a tsaye, ina kallon ƙasa. Na ce abin da aka tambayi Yagana, ni na koya mata shi ba daidai ba.

Ya sallami masu dakon. Ya ce, "Yi mini bayani. Ni ban yi boko ba, amma ba a cutata a awo."

Na ce masa, babban tauraro, wanda ya ninka rana sau da yawa, kullum abu biyu ne ke kokawa a cikinsa. Nauyinsa yana jan komai zuwa tsakiya, zafin da ke fitowa daga tsakiya yana tura komai waje. Zafin nan yana samuwa ne idan ƙananan ƙwayoyi suka haɗe suka zama babba. Idan makamashin farko ya ƙare, abin da ya bari shi ake hurawa a karo na biyu, na biyu ya bar na uku, kowanne yana ƙarewa da sauri fiye da na baya. Na farko miliyoyin shekaru yake yi, na ƙarshe kwanaki ne. Shi wannan na ƙarshen, ƙarfe yake bari.

"Sai a hura ƙarfen," in ji Alhaji.

Na ce a nan ne maganar take. Cibiyar ƙarfe a ɗaure take tamau, babu sauran abin da za a tatsa a jikinta. Duk abin da ke ƙasa da ƙarfe, idan ka haɗa shi zafi yake bayarwa. Shi ƙarfe, ko haɗa shi za ka yi ko fasa shi, sai dai ya sha zafin da ke akwai.

"Toka ke nan," in ji shi. "Mai banda ya san wannan. Itace ya zama gawayi, gawayi ya zama toka, toka kuwa ko ka kwana kana fifita ba ta kamawa."

Na ce haka ne, har ya fi toka muni, kamar jiƙaƙƙen yashi ne a kan garwashi. Dunƙulen ƙarfen yana ta girma a tsakiya, ba ya ba da komai, har ya kai inda ba zai iya riƙe kansa ba. Yana fara matsewa zafi ya ƙaru, zafin ya shiga farfasa ƙarfen, farfasawar ta shanye zafin, abin da ke tokare da tauraron ya tafi. Dunƙulen da ya kai girman duniyar nan, kafin ka ƙifta ido ya koma bai fi faɗin Maiduguri da kewayenta ba. Nauyin tauraron kuwa tun farko yana nan, ko ɗigo bai ƙaru ba. Ba kaya aka ƙara wa rufin ba, ginshiƙin aka zare.

Alhaji ya juya ya kalli 'yarsa. Ta daina rubutu tun ɗazu.

"Wato motar ba ta ƙara nauyi ba."

Ashe ta ba shi labarin tun a wancan lokacin. Na ce ba ta ƙara ba, Alhaji. Ita ce da gaskiya.

"To a koma a gaya musu mana!"

Na ciro amsar na karanta masa, na fassara. Ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ya miƙo mini. Sai ya ce, "Ke kuma, Yagana, tunda kin san da sake a maganar, me ya hana ki faɗa musu? A gida kin hana ni sakat da tambaya, a can ne bakinki ya mutu?"

Ta ce, "Baa, matar ta ba ni dama. Ta ce ba ki taɓa tunanin wannan ba? Ba ki taɓa tambayar malaminki ba?"

"Sai kika ce me?"

"Na ce ban taɓa ba."

"Don me za ki yi ƙarya?"

"Da na ce na tambaya, sai ta ce to me ya ce miki. Ga sunan Malam a jikin takarduna a gabansu. Ba zan faɗi abin da ya ce mini a gaban baƙi ba."

Alhaji ya kalle ni, ya kalli kwalayen. Can ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Malam kujera, tun ɗazu yana tsaye. Aka kawo, ban zauna ba.

Yagana ta yago murfin wani kwali, ta ɗora a gwiwa, ta cire murfin alƙalaminta.

"Malam, bayan ya rufta, sai me?"

Na ƙarasa mata. Na ce tsakiyar takan matse har ta ƙi ƙara matsuwa, abin da ke faɗowa daga sama ya doke ta ya koma baya, tauraron ya tarwatse da hasken da ake hangowa daga nesa mai nisa, ya watsa abin da ya ƙera a sararin sama. Ta tsayar da ni sau biyu. Tambaya ta farko na amsa. Ta biyu na ce ban sani ba, sai na duba. Ta rubuta wannan ma.

Direban motar Kudu ya leƙo yana buga ƙofar rumfar da tafin hannu. Ya ce saura kwali goma sha biyu ba suna, shi kuwa ba zai kai azahar a garin nan ba. Ta ninke guntun kwalin ta sa a ƙarƙashin buhun da take zaune a kai. Ta ce, "Na gode, Malam." Ta jawo kwali na gaba, ta tambayi babanta na wane ne.